Uptime Kuma: maigadin saba na kyauta, amma a kula da inda aka ajiye shi

Duk mai kula da saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin yanar gizo ko bayanai) a Bauchi ko Gombe, ta makaranta ce, ta asibiti ko ta cibiyar jarrabawar kwamfuta, ya san yadda labari ke zuwa: sai mai amfani ya bugo waya yana faɗa sannan a san shafi ya mutu tun asuba. Uptime Kuma manhaja ce da ake girkawa a kan sabar kai, aikinta ta riƙa leƙa shafuka da na'urori, da zarar ɗaya ya daina amsawa ta turo saƙo. Louis Lam ne ya fitar da ita a 2021, kyauta ce. Sunan ba "kuma" ɗin Hausa ba ne, kada a ruɗe.

Girkawa ba ta da wuya. Ƙaramar saba ta haya mai Ubuntu da RAM giga 1 ta wadatar. Bayan an saka Docker, manhajar da ke tafiyar da wasu manhajoji kowace a keɓe, layin umarni ɗaya ne:

docker run -d --restart=always -p 127.0.0.1:3001:3001 -v uptime-kuma:/app/data --name uptime-kuma louislam/uptime-kuma:1

A lura da 127.0.0.1 ɗin nan. Yawancin masu kwafo layin daga intanet suna barin -p 3001:3001 kawai, suna ganin ai ufw, katangar tsaron Ubuntu, ya rufe ƙofa. Bai rufe ba. Docker yana rubuta dokokinsa kai tsaye a iptables, ma'ajiyar dokokin shige da fice ta saba, ya tsallake ufw, sai ƙofar 3001 ta zauna a buɗe ga duniya. Abin da ya ƙara muni, wanda ya fara buɗe shafin bayan girkawa shi ke ƙirƙirar asusun shugaba. Don haka a ɗaure ta a cikin gida da 127.0.0.1 ɗin, a sa Nginx (manhajar da ke karɓar baƙi ta miƙa su ciki) a gaba da takardar shaidar HTTPS ta Let's Encrypt, a buɗe asusu nan take.

Wajen Nginx ne mutane suka fi tuntuɓe. Uptime Kuma tana aiki da WebSocket, wato haɗin da ke zama a buɗe tsakanin shafi da saba, in ba a sa proxy_http_version 1.1 da layukan Upgrade da Connection ba, shafi zai buɗe amma ya yi ta kukan ya kasa haɗuwa da saba. Haka nan ba ta zama a ƙarƙashin wani shafi kamar /kuma, sai an ba ta ƙaramin adireshinta daban. Lokaci a saita shi a Africa/Lagos.

Tana iya duba shafin yanar gizo, ƙofar TCP, ping, DNS, da neman wata kalma a cikin shafi. Wannan na ƙarshen ya fi amfani fiye da yadda ake zato, don shafi na iya amsa 200, wato lambar "lafiya lau", alhali rumbun bayanai ya faɗi. Tana tuna wa mutum kafin takardar HTTPS ta ƙare, saƙo kuwa Telegram ya fi sauƙin haɗawa, minti biyar an gama.

Babban kuskure a wajenmu shi ne a girka ta a ɗaki ɗaya da sabar da take gadi. In aka ɗauke wuta, inbata ya ƙare, maigadi da kaya sun kwanta tare, babu mai faɗa. A waje ya kamata ta zauna. To amma yawancin ofisoshi a nan da rauta mai layin waya suke aiki, ba su da adireshin IP nasu na kansu, daga waje ba a iya ƙwanƙwasa musu. Maganinsa nau'in dubawa da ake kira Push: manhajar ta ba da wani adireshi, a sa cron, mai maimaita aiki a kan lokaci, a sabar ofis ya riƙa kiransa da umarnin curl kowane minti. In kira ya yanke, ita ke ɗaga murya. Sai dai ba za ta bambance ko wuta ce, ko data ta ƙare, ko saba ce ta sume saboda zafin Afrilu ba.

A kuma saita yawan sake gwadawa zuwa 3, tazara daƙiƙa 60. Tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta rauta kan ɗauki minti biyu ko uku kafin ta dawo. In ba a yi haka ba waya za ta yi ta ƙara dare da rana, cikin mako ɗaya mutum ya kashe sautin, ranar da abin gaske ya faru ba zai ji ba.

Inda ta gaza: ba ta nuna nauyin CPU, cikar faifai ko RAM. Mai son wannan sai ya haɗa da manhajar Netdata. A sigar 1 da ke cikin umarnin nan na sama, bayananta a fayil ɗin SQLite suke, ba a ɗora su a kan NFS, wato faifan da ake rabawa ta hanyar sadarwa, suna lalacewa, kuma in na'urorin da ake dubawa suka yi yawa shafin kan yi nauyi, sai a rage kwanakin tarihin da take ajiyewa. A riƙa kwafe /app/data kafin kowane sabuntawa. Wanda ya manta kalmar sirri ya shiga da docker exec ya buga npm run reset-password.