Gidan tarihin Rancho Los Cerritos: shiga kyauta ne, amma a je da tarihin filin a ka

A kan titin Virginia Road da ke birnin Long Beach, a gaɓar tekun Kalifoniya, akwai wani gidan bene na tubalin laka da aka gina a 1844. Yau gidan tarihi ne mallakar hukumar birnin, ba a karɓar kuɗin shiga, kuma akwai masu zagayawa da baƙi ɗaki-ɗaki. Ba kullum ake buɗewa ba, don haka a duba ranaku da lokaci kafin a kama hanya. Abin da ya rage na filin bai kai eka 5 ba, alhali a da eka 27,000 ne.

Masu zagayawar sun san aikinsu, sai dai kayan ɗakunan na shekarun 1870 ne, zamanin iyalin Bixby da suka mallaki filin daga baya. Wanda ya zo neman zamanin da Meziko ke mulkin Kalifoniya zai iya fita da sunaye a cakuɗe idan bai riƙe jerin masu filin ba.

Asalin ƙasar ta mutanen Tongva ce. A 1784 Pedro Fages, gwamnan Kalifoniya a ƙarƙashin mulkin Sifaniya, ya ba wani soja, Manuel Nieto, izinin kiwo a kan kusan eka 300,000, daga baya aka rage zuwa kimanin 167,000 saboda ƙorafin mishan na San Gabriel. Nieto ya rasu a 1804. Sai a 1834, ƙarƙashin mulkin Meziko, gwamna José Figueroa ya raba gadon, Los Cerritos ya faɗa hannun 'yar Nieto, Manuela Cota. A nan mutane ke yawan tuntuɓe: kyautar farko ta Sifaniya ce, amma Los Cerritos a matsayin fili mai zaman kansa ɗan zamanin Meziko ne.

A 1843 magadan Manuela suka sayar wa John Temple, ɗan kasuwa daga Massachusetts wanda ya auri 'yar dangin Cota. Shi ya gina gidan, ya zuba shanu kusan 15,000. Ba nama ake nema ba a lokacin, ƙiraga da kitse ake loda wa jiragen ruwa.

Sashen da ya fi cancantar a tsaya a yi tambaya shi ne abin da ya biyo bayan 1848, lokacin da Kalifoniya ta koma hannun Amurka. Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Amurka da Meziko, ta yi alkawarin mutunta filayen da Meziko ta bayar, amma dokar 1851 ta ce kowane mai fili ya kawo hujja gaban hukuma cikin shekara 2. Hujjar kuwa sau da yawa taswirar hannu ce da ake kira diseño, iyakarta kogi ko bishiya ko tudu. Kogi kan sauya hanya, bishiya kan faɗi, sai awo ya gagara, lauyoyi su ci rabonsu. Temple ya shigar da tasa buƙatar a 1852, takardar mallaka ba ta fito ba sai 1867, da sunansa, kan eka 27,054. Kafin nan ya riga ya sayar da filin, ya ma rasu a 1866. Duk mai bin takardu ya kula da wannan: sunan da ke kan takardar gwamnati ba lallai ne ya zama na mai riƙe da filin a ranar ba.

Me ya sa ya sayar? Ambaliyar 1861 zuwa 1862, sannan farin da ya biyo baya har 1864, sun karkashe shanu. Kamfanin Flint, Bixby ya saya a 1866 kan dala 20,000, wato wajen santi 74 kowace eka. Suka koma kiwon tumaki, har kusan 30,000, ana aske musu ulu sau biyu a shekara, Jotham Bixby na kula da wurin. Daga shekarun 1880 aka fara yanka filin ana sayarwa. A kansa Long Beach, Lakewood, Bellflower da Paramount suka tsiro.

Ginin kansa yana iya ruɗar ido. Kaurin bangon na asali ne, ƙafa 2 zuwa 3, ga sanyi a ciki ko da rana ta take, abin da duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa zai gane nan take. Amma jan rufin da ake ɗauka a hoto ba na Temple ba ne. Nasa shimfiɗaɗɗe ne da aka shafe da kwalta. Llewellyn Bixby ne ya gyara gidan a 1930 bayan 'yan haya sun bar shi ya lalace, Ralph Cornell kuma ya tsara lambun. Tsakar gidan da ke cike da furanni yanzu, filin aiki ne a da, mai ƙura da dawakai. Birnin Long Beach ya karɓi gidan a 1955.

Awa ɗaya da rabi ta isa zagayen gida da lambu, har da hutawa ƙarƙashin ƙatuwar bishiyar ɓauren Moreton Bay. Mai son bin takardun filin ya nemi izinin shiga ɗakin karatun wurin tun kafin ya zo, sannan ya haɗa da ziyarar Rancho Los Alamitos, wanda shi ma daga gadon Nieto aka yanko shi, a cikin birnin guda.