Tikitin gala, MP ko iyafis: ina mai son gambara zai zuba kuɗinsa?

Ƙanena da ke karatu a Kwalejin Hassan Usman ya same ni a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura bayan la'asar, ya ce, "Yaya, na tara naira 25,000. Akwai galar da za a yi a Kano bayan Sallah, ga shi kuma MP ɗina ta mutu. Wanne zan yi?" Ban kai ga buɗe baki ba majalisa ta karɓe zancen, aka manta da shi aka koma tsohuwar gardama: Tupac ko Biggie, manyan mawaƙan gambarar Amurka, wato hip hop, kuma wane albam ne sarki. Na bar su suka yi, don abin da mutum zai saurara shi ke nuna masa abin da ya kamata ya saya.

Mu a Katsina 'yan Tupac ne tun fil azal. Hotonsa ya sha zama a shagon aski da tankin babur ɗin ɗan acaba. Amma da na tambayi majalisa wa ya taɓa sauraron albam ɗinsa All Eyez on Me daga farko har ƙarshe, sai aka yi tsit. Ba laifinsu ba ne. Albam ne na 1996 mai faifai biyu, waƙa 27, sama da awa biyu, kuma a ganina akwai waɗanda aka cusa don cika buhu. Illmatic na Nas, wanda ya fito a 1994, waƙa 10 ne kacal, bai kai minti 40 ba, kuma babu inda za ka tsallake. Shi ya sa ni nake gefensa, ko da yake na san Ready to Die na Biggie, shi ma na 1994, ya fi shi daɗin ba da labari. Wanda ke son na baya-bayan nan ya nemi na Kendrick Lamar na 2012, good kid, m.A.A.d city. Labari ne guda na yaron unguwar Compton, waƙa na miƙa wa waƙa, in ka hargitsa jerin ka ɓata shi. Kendrick ɗin ne mutumin da albam ɗinsa DAMN. ya ci kyautar Pulitzer a 2018. A gida Najeriya kuwa, Talk About It na M.I, ɗan Jos, tun 2008 yake zaune daram.

Sai dai fa akwai abin da masu gardamar ba su cika faɗa ba. Galibin waɗannan na Amurka cike suke da ashar da batsa. Ba abin da za ka ƙure a MP a tsakar gida ba ne, Inna na tankaɗe, ƙannenka na haddar Turanci. Na Lauryn Hill na 1998, wanda ya zama albam ɗin hip hop na farko da ya ci kyautar Grammy ta gwarzon albam ɗin shekara, ya fi su dama-dama ta wannan fuska, don rabinsa rerawa ce.

Wannan kaɗai ya isa ya sa iyafis gaban MP. Ga kuma wani dalilin: gambara magana ce. Ƙaramar MP ta kasuwa sifika ɗaya ke gare ta, an cika ta da bugun ƙasa don ta burge mai saye, sai kiɗan ya haɗiye kalmomin. Tana da amfaninta a majalisa ko wajen wankin babur, amma ba za ka tsinci baitin Nas a cikinta ba. In ka shiga shagon 'yan waya a Babbar Kasuwa neman iyafis, kada kwali ya ruɗe ka, jabu ya fi na gaske kyan kwali. Ka sa waƙar da ka haddace, mai saurin baki, ka rage ƙara zuwa rabi. In kana jin kowace kalma, ka biya. In sai ka ƙure kafin ka ji, ajiye masa kayansa. Ka gwada kunnen hagu da na dama daban-daban. Iyafis mai waya ya fi na bulutut araha a inganci iri ɗaya, kuma ba ruwansa da caji, abin da duk wanda ya kwana uku ba wuta ya san darajarsa. Ka dai duba ko wayarka na da ramin sa shi, don sababbin da yawa sun daina zuwa da shi.

Sai inda za ka samo waƙoƙin. Masu tura waƙa a memori sun fi kowa araha kuma ba sa cin data, amma albam ba ya fita daga hannunsu da rai. Za a ba ka waƙa shida cikin goma, sunaye a birkice, ga muryar wani DJ na kiran sunansa a tsakiyar baiti. Manhajoji sun fi: Audiomack da Boomplay ana iya ji kyauta da talla, Spotify ya shigo Najeriya a 2021. Lissafin data ba shi da wuya. Sauti matsakaici yana cin kusan megabait 1 a minti, wato Illmatic gaba ɗaya kamar megabait 40. Mafi ingancin MP3 yana cin ninki biyu da rabi na haka. YouTube ne ke zuƙe data, don kana biyan kuɗin hoto alhali wayar na aljihu. In manhajarka ta yarda a sauke, sauke da datar dare ka huta.

To, galar fa? Abu na farko, kuɗin tikiti ba shi ne kuɗin gala ba. Daga nan zuwa Kano akwai kuɗin mota zuwa da dawowa, ga abinci, ga wurin kwana, don ba mai hankalin da zai kamo hanya ƙarfe biyun dare. Naira 25,000 ɗin nan kafin ka ga mawaƙi ta yi fuka-fuki. Ga 'yan sane da suka fi kowa son cunkoson bakin dandamali.

Na taɓa yin wannan tafiyar. An rubuta ƙarfe takwas a fosta. Muka sha 'yan share fage har ɗaya saura, sannan gwanin namu ya hau. DJ ya saki waƙar da muryarsa a ciki, shi kuwa sai tsalle yake yana miƙo mana makirufo mu rera masa. Waƙa huɗu, kowace rabi, ya ɗaga hannu ya sauka. Mamin, wato bin waƙar da aka naɗa da baki, na je na saya da kuɗin mota. Abin ya fi ciwo ga Bakatsine, don mu mun gaji wani ma'auni. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, yana hango mutum cikin taro zai ɗinka masa baiti nan take, kalangu na tafiya, 'yan amshi na karɓa. Wanda ya je wasansa ya ji abin da babu shi a kaset. In gala ba ta ba ka wannan ba, me ka je nema?

Ba cewa nake kada a je ba. Nas ba zai zo filin wasa na Muhammadu Dikko ba, amma masu gambarar Hausa irin su DJ AB na Kaduna da B.O.C Madaki na Bauchi namu ne, kuma jin ɗaruruwan mutane na rera baitin Hausa da murya ɗaya abu ne da iyafis ba zai ba ka ba. Kafin ka biya dai, nemi bidiyon wasan mawaƙin na baya wanda ɗan kallo ya ɗauka da waya, ba wanda aka gyara ba. Duba ko shi ke furta baitin har numfashinsa na fita. Duba shafinsa ko shi da kansa ya sanar da zuwansa, don ana manna hoton mutum a fosta bai sani ba. Tikitin talakawa a ƙaramin zaure ya fi teburin manya a fili mai mugun sauti. Ni wasannin ɗalibai da ake kafsa baiti kai-tsaye sun fi biya mini buƙata, kuma kuɗin acaba kawai suke ci.

Ƙanena ya sayi iyafis mai waya da datar wata, ya ɓoye sauran a asusu ya ce sai galar ta zo Katsina. Shekaranjiya ya dawo majalisa, waya ɗaya a kunne ɗaya na lilo, ya zauna kusa da babban ɗan Tupac ɗinmu ya ce, "Kawu, don Allah a cikin 27 ɗin nan, lissafo mini goma."