Daga Winifeg zuwa Ƙofar Marusa: Labarin Safar Hannun Yara

Yaya, sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kin wuni lafiya, ya Inna da ƙafa, ya yaran. Kin ce in ba ki labarin yadda kayan saƙa suke a nan Kanada, ko akwai hanyar da sana'arki za ta ci kasuwa. To bari in fara da safar hannun yara, don a kanta na fi sanin kan garin nan.

Sanyin da muke kira sanyi a Katsina, wanda ake hura wuta a tsakar gida da asuba a watan Janairu, a nan ranar shan iska ce. A Winifeg, babban birnin jihar Manitoba, ma'auni kan sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifili, in kuma iska ta taso fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin ƙasa da rabin awa. Don haka safar hannu ba ado ba ce, yaro ba ya leƙa ƙofa sai da ita. Kuma ba mai yatsu biyar ake sa wa ƙanana ba. Tasu kamar ɗan buhu take, yatsu huɗu a ɗaki guda, babban yatsa da nasa ɗakin daban. Dalili kuwa, yatsun in suna haɗe suna ɗumama juna, sannan ba uwar da za ta tsaya jera wa ɗan shekara biyu yatsu ɗaya bayan ɗaya alhali motar makaranta na hanya.

Ta kanti ba ta da wuyar samu. A Dollarama, inda kaya ba sa wuce dala 5, ana zuba su kamar tumatir a kaka, akasari daga Sin. Akwai kuma gwanjo, domin su ma suna da nasu, Value Village sunan wani babba daga ciki, sai dai a rataye kayan suke da farashi a jiki. Ba tayi, ba ragi, ba "albarka". Kuma kuɗin da kika gani a rubuce ba shi za ki biya ba: a wurin biya ake ɗora harajin tarayya kashi 5 cikin ɗari, da na jiha kashi 7 a kan yawancin kaya, har da zare.

Matsalar ta kanti ita ce duk iri ɗaya ce, yaro ya tuɓe ya yar bai damu ba. Kowace makaranta da akwatin tsintuwa cike da safa wari-wari. Wannan ya sa na koma ga abin da kika koya mani muna yara. Na saƙa wa ɗanki kore mai kan kada: babban yatsa ya zama haɓar ƙasa, na yi jan harshe a tafin, na jera fararen haƙora a gefe. In ya motsa hannu sai kada ya buɗe baki. Ɗiyarki kuwa Gizo na yi mata a dama, Ƙoƙi a hagu, yanzu a hanyar makaranta hannuwanta ke yin tatsuniya, har ta gane dama da hagu ta dalilinsu. Matan nan suna yin ɓera, kwaɗo, bushiya da dila. In Malam ya ɗaga gira kan batun siffa, ki ce masa hukuncin 'yar tsana gare ta.

Saƙar ba baƙuwarki ba ce, sai dai a zagaye ake yi da gajerun tsinkaye huɗu ko biyar masu tsini gaba da baya, don kada a sami ɗinkin da zai dami yaro. Ana farawa da bakin da ke kama wuyan hannu, a yi shi da tsawo ya shige cikin hannun riga, in ba haka ba ƙanƙara ta sami hanya. Daga nan a riƙa ƙari a gefe guda har wurin babban yatsa ya fito, a ajiye shi a wani zare, a gama jikin a rage a rufe kan, sannan a dawo a ƙarasa yatsan. Ido kuwa da zare ake ɗinka shi, ba a sa maɓalli ko dutsen ado ga wanda bai kai shekara 3 ba, don baki zai kai. Igiyar da wasu ke haɗa safar biyu da ita ta cikin riga ma an fi son a bar ta saboda shaƙe wuya, wani ɗan maƙali ake sayarwa mai cizon safa da hannun riga.

Inda na sha mamaki shi ne zare. Abin da muke saye a babbar kasuwa muna ce masa ulu, yawancinsa na roba ne, ba a jikin tunkiya ya fito ba. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su, ba a sausaye su a kaɗa. Ulun gaske, irin na tunkiyar Merino, ko ya ɗan jiƙa yana riƙe ɗumi, auduga kuwa da ta sha ruwa ta zama abokiyar gaba. Don haka duk kyan audugar Funtuwa, ba ta wannan aikin ba ce. A kanti irin Michaels za ki ga zare bango guda, kowane ƙunshi da takardar da ta faɗi nauyinsa, tsawonsa, girman tsinken da ya dace, yadda ake wanke shi, har da lambar rini don kada launi ya saɓa in zare ya ƙare miki a tsakiyar aiki. Wannan kam sun fi mu. Na gaske yana ninka na roba kuɗi, wanda ake iya jefawa a injin wanki ya fi tsada kuma. Masuntan gabashin ƙasar nan suna da wata dabara: suna cusa guntayen ulun da ba a kaɗa ba a cikin saƙar, ciki ya yi tufu-tufu. Ita nake son gwadawa bana.

Koyo kyauta ne. Ɗakin karatu na gwamnati yana ba da aron littattafan zanen saƙa, wasu rassan ma mata na taruwa da zarensu. A wani littafi na ga cewa a ƙasar Latbiya amarya kan saƙa safar hannu da yawa ta raba wa dangin ango, kamar dai gara. Amma abin da babu shi ne irinki, Yaya, wadda za a aiko yarinya da zare a ce suna ranar Asabar ne, a taimaka. Mafi ƙarancin albashi a Manitoba ya haura dala 15 a awa, safa mai fuska kuwa tana cin yammaci biyu. Ki yi lissafi da kanki. Shi ya sa aikin hannu a nan sai kyauta tsakanin kaka da jika, ko a kasuwar baje koli da tsadar da ba za ki yarda ba, mu kuma a gida ana yi miki tayin wulaƙanci a tafi a sayi na kamfani.

Kada dai wannan ya sa ki fara tara kaya don aikowa. Kuɗin jirgi zai cinye ribar, kuma zarenmu ba zai iya da sanyin nan ba. Kasuwarki tana nan kusa: 'yan firamare da ake ɗauka a babur da sassafe cikin hunturu hannu duk ya yi furu-furu, zaren roba ya ishe su. Ki fara da kada da zomo ki kai gidan suna a gani.

Akwai mai zuwa gida kafin azumi, zan ba ta tsinkayen zagaye da ƙunshi biyu na ulun gaske ki taɓa ki ji bambanci. Ki ɗora tafin Auta a takarda ki zagaye da biro, ki turo mani hoton ta WhatsApp tare da tsawonsa. In da hali a haɗo mani da daddawa da kuka. A gaida Inna da Baba da kyau.

Ƙanwarki.