Lis ɗin masu sharhi da lis ɗin 'yan ƙuri'a: wanne za ka bi kan katun?

Ɗan'uwa da ka tambaya cewa ka ga lis biyu na katun mafi kyau a tarihi, ɗaya ya ɗora The Simpsons a sama ɗaya kuma Avatar: The Last Airbender, wai wanne ne na gaskiya wanne ne na ƙarya, to ni a ganina babu maƙaryaci a cikinsu, ba abu ɗaya suke aunawa ba ne kawai. A yi haƙuri abin zai ɗan yi tsawo.

Kashi biyu ne. Akwai wanda ma'aikatan mujalla ko masu sharhin talabijin ke zama su tsara, mutum goma ko ashirin a ɗaki ɗaya, akwai kuma wanda jama'a ke danna maki a kai, irin na shafukan intanet na IMDb da MyAnimeList (wannan na katun Jafan ne), inda duk mai waya da data zai iya ba da 10 ko 1.

Mu fara da na masu sharhi. Shafin IGN ya fitar da jerin katun 100 a 2009, Simpsons na ɗaya, Batman: The Animated Series na biyu. Mujallar TV Guide ta yi nata na guda 60 a 2013, nan ma Simpsons a sama sai The Flintstones na bi masa. Kafin su ma mujallar TIME a 1999 ta ce Simpsons ne shirin talabijin mafi kyau na ƙarnin gaba ɗaya, ba a cikin katun kaɗai ba fa. Ka lura da abin da suke dubawa, su tambayarsu ita ce wa ya buɗe ƙofa wasu suka biyo. Flintstones ya fara a 1960 ya ƙare 1966, shi ya nuna cewa za a iya sa katun da daddare lokacin da manya ke gaban talabijin kuma ya karɓu, Simpsons ya zo a Disambar 1989 ya farfaɗo da wannan, daga nan ne su South Park da Family Guy suka samu hanya. Saboda haka in suka ce na ɗaya, ba suna nufin in ka kunna yau da daddare za ka kasa tashi ba ne, suna nufin ya canza sana'ar. Kuma gaskiya mu nan in ka kalli Simpsons rabin barkwancin wuce ka zai yi, don a kan siyasar Amurka da taurarinsu da tallace-tallacensu aka gina shi, wanda bai tashi a can ba sai dai ya ga ana dariya ya taya.

Matsalar wannan lis ɗin a wurina ita ce duk mutanen wuri ɗaya ne, kuma sa'annin juna. Abin da suka kalla suna yara ranar Asabar da safe shi ke cika musu ido. Shi ya sa na Jafan ke shiga 'yan kaɗan kamar an yi musu alfarma, alhali masana'antar katun ta can ba ƙarama ba ce. Kuma lis ɗin yana tsufa, wanda aka rubuta 2009 bai san da Attack on Titan ba don sai 2013 ya fito, balle Arcane na 2021.

To dawo wajen 'yan ƙuri'a, nan ne maganar ke da daɗi. A IMDb makin Avatar ya haura 9 cikin 10, na Simpsons bai kai 9 ba, kuma dalilin a fili yake. Avatar zango uku ne, kashi 61, Nickelodeon ta nuna shi daga 2005 zuwa 2008, labari ɗaya mai farko da tsakiya da ƙarshe, aka gama aka rufe tun bai gundire mutane ba. Simpsons kuwa ya wuce kashi 700 kuma har yanzu ana yi, su kansu masoyansa za su ce maka zangon farko-farko zuwa wajen na takwas ko na tara ne zinaren, sauran ja ne kawai ake yi. Mai ba da maki yau duka zai haɗa ya auna, mai sharhi kuwa shekarun zinaren nan kawai yake tunawa. Ka ga tun daga nan an raba hanya. Irin wannan lis ɗin kullum gajeren labarin da ya ƙare da kyau yake ɗagawa, Fullmetal Alchemist: Brotherhood ma haka ne, kashi 64 daga 2009 zuwa 2010, ya yi shekaru yana zaune a saman MyAnimeList har sai da Frieren da ya fara a 2023 ya zo ya ture shi.

Amma kar ka ɗauka ƙuri'ar jama'a tsarkakakka ce. Wa ke danna makin? Galibi matasa ne masu jin Turanci da ke wuni a intanet, yaron da ya fi kowa kallon katun ba shi da akawun, uwar da ke kunna masa ma ba ruwanta da wani maki. Sannan akwai yaƙin masoya, in wani sabon shiri ya nufi matsayi na ɗaya sai ka ga masoyan wanda ke kan kujerar sun yi gayya suna zuba masa 1 ba tare da sun kalla ba, na can ma su rama. Masu shafukan sun san da haka, shi ya sa ba matsakaicin maki tsurarsa suke nunawa ba, IMDb na tace ƙuri'un da wani lissafi da ba ta bayyana yadda yake ba, MyAnimeList kuma ba ta ƙirga makinka sai ka nuna ka kalli aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na shirin. Yana ragewa dai, bai hana ba.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi, a MyAnimeList kowane zango da nasa makin daban. Wanda bai ji daɗin zangon farko ba ai ya tafi abinsa, waɗanda suka kai na uku ko na huɗu riƙaƙƙun masoya ne, sai ya zama kamar zaɓen fidda gwani da 'yan jam'iyya kaɗai ke kaɗa ƙuri'a, dole maki ya yi sama. Shi ya sa za ka ga Gintama ya bayyana sau da yawa a can saman jerin, ba wai ya fi kowa sau da yawa ba ne. In za ka duba maki duba na zangon farko, shi ne kowa da kowa ya taɓa.

Shafin Rotten Tomatoes kuma na tsakiya ne, masu sharhi ne amma da lissafi, sai dai a kula, 100% ɗinsu ba ya nufin shirin ya ci maki ɗari bisa ɗari, yana nufin duk masu sharhin da aka ƙirga sun ce ba laifi. Shirin da kowa ya ce da dama-dama zai iya samun 100, wanda wasu suka haukace a kansa wasu suka tsane shi ya tsaya a 70.

Akwai kuma rikicin me ake kira jerin shiri tun farko. Tom and Jerry da duk muka tashi da shi ba don talabijin aka yi shi ba, gajerun finafinan silima ne da kamfanin MGM ya fara a 1940, har Oska bakwai suka ci. Wasu lis su sa shi wasu su ce ba layinsa ba ne, haka Looney Tunes. To in ka ga babu shi a wani wuri ba raini ba ne dole.

Mu kuma namu lis ɗin da za a bar mu mu rubuta ai daban zai fito. Wanda ya tashi da NTA zai ce maka Voltron, wanda asalinsa ma na Jafan ne aka gyara shi a Amurka a 1984. Wanda gidansu ke da dish yana kama Spacetoon da MBC3 zai ce Captain Majid, wato Captain Tsubasa da Larabawa suka juya. Na bayanmu su ce Naruto ko Ben 10. Da wuya ka ga ɗaya daga cikinsu a goman farkon TV Guide, kuma hakan bai rage musu komai a wurinmu ba. Na Afirka kuwa irin Iwájú da Disney ta fitar a 2024, kashi shida da aka gina labarinsa a Legas, bai ma daɗe da zai shiga irin wannan gasar ba.

Gargaɗi ɗaya ga masu yara, babu lis ɗin da ke tace maka tarbiyya a cikin biyun nan. Kasancewar abu katun bai sa ya zama na yara ba, South Park da Rick and Morty da Attack on Titan duk suna can sama a irin waɗannan jerin amma wallahi ba abin da za ka miƙa wa yaro waya ka tafi masallaci ba ne, wani batsa wani jini. Duba shekarun da aka rubuta a jikin shirin kafin ka duba maki. Na ƙanana sosai Bluey na Ostareliya, minti bakwai-bakwai ne, shi ma makinsa a IMDb ya haura 9.

In ka matsa min sai na zaɓa, don abin kallo zan bi na 'yan ƙuri'a, amma in duba mutum nawa ne suka jefa, 9 na mutum dubu biyu ba ɗaya yake da 9 na mutum dubu ɗari uku ba, kuma in ƙyale duk abin da bai shekara da fitowa ba sai zumuɗin ya lafa. Na masu sharhi sai ranar da nake son sanin daga ina abin ya faro. Tsakanin biyun da ka ambata kuwa fara da Avatar, kowane kashi bai kai minti 25 ba, farkon zango na ɗaya yana da ɗan yarinta amma ka daure ka shiga na biyu. Simpsons in za ka gwada nemi zango na huɗu ko na biyar, kar ka ce sai ka bi shi daga farko har ƙarshe, datarka ba za ta kai ba.