Randa ko kwalba?

Ana yawan tambayata a nan Yamai: randa ko kwalba, wacce ta fi?

Randa ta daɗe tare da mu. A Tagalagal, cikin duwatsun Ayar na arewacin Nijar, an tono guntayen tukwane masu shekara fiye da 9000. Ruwa na tsattsafowa ta jikin randa, iska ta busar, na ciki ya yi sanyi ko an ɗauke wuta. Ta Bubon, garin maginan tukwane kusa da Yamai, kuma ba tsada. Sai dai tana shan mai, moɗa mai dauɗa kuwa na ɓata ruwan duka.

Kwalba ba ta sanyaya komai, amma tana rufuwa ruf, ba ta riƙe wari. In ta fashe, a kula da ƙafar yara.

Mai iyali a zafin Afrilu, randa ta dace da shi. Mai ajiye zuma, man gyaɗa ko turare ya nemi kwalba.