"Ni dama ba ni da sa'a" ko "rumbun ne ba iska"

Wasu maƙwabtana biyu a Aliero albasa ta ruɓe musu a ajiya bara, asarar kusan ɗaya ce amma yadda kowa ya fassara abin ya sha bamban.

Na farkon cewa yake ni dama haka nake, komai na taɓa sai ya lalace, tun ina makaranta ma kaina baya ja, kaga ya ɗauki ruɓewar albasa ya mayar da ita halinsa gaba ɗaya, har abada kuma. Wannan shi masana halayyar ɗan adam ke kira koyon sarewa. Wani daga cikinsu, Martin Seligman, ya gwada shi a 1967 a jami'ar Pennsylvania ta Amurka, karnukan da aka riƙa jona wa lantarki ba hanyar tsira, daga baya ko an buɗe musu hanya sai yawancinsu su kwanta suna kuka kawai. Maƙwabcin nan nawa bana ko iri bai saya ba, wai tawakkali, ni dai ban yarda ba, ai sai ka ɗaure raƙuminka tukuna.

Na biyun shima ya ji zafi wlh, sati guda baya cin abincin kirki. Amma laifin ya ɗora shi kan abu ɗaya da zai gyaru, yace albasar bata sha iska ta bushe ba ya tara ta, rumbun kuma a ƙasa yake danshi na shiga. Ya ɗaga shi kan itace, ya rage yawan da zai ajiye, rabi zai sayar tun a gona duk da farashin lokacin ba daɗi.