Firiji ko esi, wanne ya fi shan wuta?

Hajiya kin ce tunda firiji wuni yake ya kwana a kunne, esi kuwa da dare kawai kike kunna shi, anya ba firijin ne ke cinye miki yunit ba? A'a gaskiya, esin ne, kuma tazarar ba kaɗan ba ce.

Yunit ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa guda. Firiji matsakaici yana jan wat 100 zuwa 150, kuma ba ko yaushe yake ja ba, kwampiresonsa tashi yake ya yi sanyi ya kwanta, shi ya sa kike jin ƙararsa ta ɗauke can kuma ta dawo, to a wuni da kwana da wuya ya wuce yunit 2. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kuwa yana jan sama da wat 1000, in ya yi awa 8 zai iya lashe yunit 6 zuwa 9, kin ga a dare ɗaya ya sha abin da firiji zai yi kwanaki bai sha ba. Fanka ta sama wajen wat 70 ce, a awa 8 ɗin nan rabin yunit da 'yan kai ne kawai.

Don Allah kar ki riƙa kashe firiji da dare, abinci ne zai lalace, ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Ki dai duba robar ƙofa ko ta saki, ki bar masa fili ta baya. A esi ne sauƙin yake, ki ajiye shi a digiri 25 ko 26 maimakon 16, ki haɗa da fanka, ki riƙa wanke ragar da ke tare ƙura.

Abin da ya fi damuna ma shi ne gas ɗin da ke sa sanyi a cikin firiji da esi, mutane ba sa ma tunaninsa. Yawancin sababbin firiji suna zuwa da gas mai suna R600a wanda illarsa ga yanayi kaɗan ce ƙwarai. Esi da yawa kuwa R410A ne a ciki, kilo ɗaya in ya zurare yana ɗumama duniya kamar kilo kusan 2000 na iskar kabon, R32 ya fi dama, wajen 675. Tsofaffi masu R22 har rigar ozon da ke sararin sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa suke lalatawa, shi ya sa ake daina shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987.

Kuma gas ba ƙarewa yake ba kamar mai, in aka ce miki ya ƙare to yoyo yake, ki sa mai gyara ya nemo wurin ya toshe kafin ya ɗura wani.